Wayar da Ke Amsa Kiran Salla

Na yi imani cewa kowace cuta tana da ƙofar da ta shigo, kuma wanda ya gano ƙofar yana iya rufe ta. Da wannan imanin na karanta kimiyya a jami'a, da shi nake koyarwa a sakandare, da shi kuma na saurari likita ranar da ya ce matata tana da sankarar jini.

Bayan katangar gidanmu a Maamobi akwai filin 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe. Ba abin da kurarsu ba ta kwasowa, har matattun injuna na asibiti. Na san cewa a cikin irin waɗannan kaya akan dace da ƙarfe mai fitar da radiyeshan, tururin da ido ba ya gani amma yana cin jini. Na ƙudurta a raina cewa ta nan cutar ta shigo. In na tabbatar, sai mu tashi, wataƙila magani ya sami wurin kamawa. Ita kuwa ta ce ba za ta bar gidan da ta haifi 'ya'yanta saboda zato ba.

Sai na yi odar na'urar aunawa. Duk sa'ad da ƙwayar radiyeshan ta ratsa bututunta, takan yi ƙas, ta kuma fitar da ɗan bugun lantarki ta wata kafa a gefenta. A kasuwar Circle na sayi ƙaramin allo mai ƙwaƙwalwa, irin wanda masu sha'awar lantarki ke koya wa aiki. Na umarce shi ya ƙirga kowane bugu, ya kuma ƙyafta fitila. Na'urar na ɗora ta a kan katanga, allon yana ɗakinmu, tsakaninsu doguwar waya. Na bi da ita ta ƙarƙashin rufin kwano, na ɗaure ta a jikin wata waya da na tarar a can, ban tambayi ko ta mece ce ba.

Yawancin yini fitilar jefi-jefi take ƙyaftawa. Amma da azahar da la'asar da magariba sai ta haukace. Nan take na sami bayani: lokacin ne 'yan kondem ke dawowa su sauke kaya kafin su yi alwala. Ina jin kunyar irin daɗin da na ji.

Wata asuba na dawo daga masallaci na tarar da ita a jingine da bango, ciwo ya hana ta kwanciya, tana kallon allon.

Ta ce, "Malam, wannan abu naka ya fi ka salla."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ladan ya ce Allahu akbar, shi ma ya amsa. Ba ya makara koraa, ko sau ɗaya. Kai ne sai na tashe ka."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ni ban yi ba, domin babu mai sauke ƙarfe da asuba.

Da gari ya waye na hau tsani na bi wayar da hannu. Abokiyar ɗaurinta ta lasifikar masallacin unguwa ce. Duk lokacin da ladan ya ɗaga murya, ƙarfin da ke gudu a wayarsa yakan tsallako cikin tawa, allon kuma ba ya bambanta wannan da bugun gaskiya. Muryar ladan nake ƙirgawa.

Na yanke wayar ta koma taƙi ɗaya, na haɗa na'urar da allon a cikin roba guda, na mayar kan katanga. Fitilar ta koma jefi-jefi, da salla da ba salla. Na gwada a ɗakinmu, haka. Na kai makarantarmu a Kokomlemle, haka. Har cikin filin na shiga, mai wurin yana biye da ni yana cewa, "Ticha, in zinari kake nema, mu raba." Ɗan radiyeshan da ke ko'ina a duniya, shi kaɗai na samu.

Har yau ina tambayar kaina ko lafiyarta nake nema a kan katangar nan, ko wanda zan ɗora wa laifi. Ban sami ko ɗaya ba.

Ba mu tashi ba. Kafin ƙarshen damina ta daina iya miƙewa, ta koma yin salla a kwance.