Katin Habibu na Uku

Akwai wata ranar Alhamis da har yau ban iya kawar da ita daga raina ba, ko da yake babu wasa a ranar, babu faɗa, babu wanda ya ɗaga murya. Tambaya ɗaya aka yi mini a bakin fili. Tun da aka ce in yi wa sababbin sakatarorin ƙungiyoyin balo, wato ƙwallon ƙafa, bayani a kan aikinmu, na ga gara in ba ku wannan labari maimakon in karanta muku dokoki, don dokokin kuna da su a takarda.

Ni ɗan Damagaram ne. Na gama jami'a na zo Arlit wurin yayana da niyyar samun aiki a ma'adinai, Allah bai nufa ba. Abin da na samu shi ne sakataren wata ƙungiyar balo a Akokan, wadda ma'aikatan ramin ma'adinai suka kafa tun kafin a haife ni. Ga wanda bai san aikin ba, sakatare ne ke riƙe katunan shaidar 'yan wasa. Shi ke cika takardar wasa kafin a take balo, shi ke sa hannu a kanta bayan alƙali ya rubuta abin da ya faru, shi kuma ke bin diddigin katin gargaɗi. A dokar gasarmu, ɗan wasan da ya tara gargaɗi uku ba ya buga wasa na gaba. In ya buga, ko da kun ci, ana ƙwace nasarar a ba abokan karawarku.

Da aka rufe ramin Akokan a 2021, ƙungiya ta fara zubewa. Masu taimaka mana suka watse, wasu suka koma Maraɗi, wasu Tawa. 'Yan wasa suka riƙa sulalewa zuwa haƙar zinariya ana tsakiyar gasa. Motar da ke kai mu Agadas ta kwanta a gareji babu taya. Shugabanmu, Alhaji Sanusi, ɗan kasuwa ne mai manyan motoci. In za a yi adalci mutumin kirki ne, amma ya fi zama a Yamai, yana tafiyar da mu da saƙon murya a waya. Komite kuwa rabinsa ba ya zuwa taro.

Magoya baya suka gaji. Jagoransu Baba Illa ne, mai walda, mutumin Tawa, wanda da hannunsa ya haɗa ƙarafan ragarmu. Suka kwashe bencinansu daga cikin fili suka jera a waje, bayansu ga katanga, suka ɗora shayi. Ana wasa a ciki suna jin usur, ba su shiga.

"Ba yara munka ƙi ba," in ji Baba Illa. "Masu biro munka ƙi."

Ni ne kaɗai mai biro da suke gani kullum, don haka ni ke shan tambaya. Yaushe Alhaji zai zo? Wataƙila ƙarshen wata. Za a gyara mota? Akwai yiwuwar haka. Ba ƙarya nake yi ba, tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba ne. Amma ba a daɗe ba suka daina kirana Laminu. In na nufo ƙofa da jakar takarduna sai wani ya ce, "Ku matsa, ga Wataƙila nan tafe."

A wannan lokaci na zauna na rubuta tsarin farfaɗo da ƙungiya, shafi goma sha biyu, na tura wa Alhaji. Ban ce a fili ina neman muƙami ba, amma ina jin duk wanda ya karanta zai gane. Ana neman wanda zai riƙe ƙungiya gaba ɗaya, ya horar, ya tsara tafiya, ya yi magana da yawun shugaba. Na ɗauka ni ne, ko aƙalla za a tambaye ni.

Agali aka ba. Agali mutumin duwatsun Ayar ne, tsohon mai tsaron bayanmu, wanda ya yi shekaru yana tuƙa mota a cikin rami har aka rufe. Firamare kawai ya yi. Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Magoya baya suka ce shi suke so, Alhaji ya amince da saƙo guda, tsarina kuwa ban tabbata an buɗe shi ba. Ranar da aka sanar, bencinan suka koma cikin fili.

Ya kamata in yi murna, kuma na nuna na yi. Amma bari in faɗa muku abin da ke cikina. In Agali ya shigo fili, mutane kan miƙe. Kofin shayi na farko nasa ne. Ni na shekara biyu ina bin rana ina kai takardu, babu wanda ya taɓa matsa mini a benci. In ya ce, "Ƙungiya namu ba zai faɗi ba," sai a yi ta tafi, ni kuma ina gefe ina gyara masa jimlar a zuciyata, kamar wannan zai rage masa wani abu. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa wulaƙanta ni ba. Kullum "Sakatare, ka ci abinci?" Da ya yi mini girman kai, da na sami abin riƙewa.

Saura wasa biyu a gama gasa muna dab da faɗawa rukuni na ƙasa. Muka je Agadas a motar haya, muka yi canjaras. Kusa da tashi aka yi 'yar hatsaniya, 'yan wasa suka cure wuri ɗaya, alƙali ya ɗaga katin gargaɗi a tsakiyarsu. Kowa ya ɗauka Isa aka ba, don shi ya yi ture. Isa ma haka ya ɗauka. Amma da na je sa hannu, sai na ga lambar Habibu alƙali ya rubuta. Habibu shi ne mai cin mana balo, kuma yana da gargaɗi biyu tun da farko. Na karanta sau biyu, na kwafa a littafina, na sa hannu. A aikinmu abin da ke kan takarda shi ne ya faru, ko da idon dukan gari ya ga wani abu daban.

Duk tsawon hanyar Arlit, mota na jijjiga mu a ramuka, littafin na kan cinyata. Agali na gaba yana ba direba labarin rami, 'yan wasa na dariya. Na ce a raina zan faɗa masa in mun isa. Da muka isa na ce gobe.

Ranar Alhamis bayan la'asar na same shi a tsugune bakin fili, yana zana jerin 'yan wasan Asabar da tsinke a kan yashi. Wasa ne na ƙarshe, a gida. In mun ci mun tsira. Baba Illa da mutanensa na kewaye da shi, kowa na nuna inda za a sa wane.

Na ce, "Agali, game da Habibu, akwai wani ɗan abu da wataƙila ya dace a sake dubawa. Maganar kati."

Baba Illa ya kwashe da dariya. "Wataƙila ya taho da wataƙilarshi! Mi kuma? Isa anka ba kati, muna ji a waya."

Agali bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dube ni. "Sakatare, Habibu yana da uku, ko ba shi da uku? E ko a'a?"

Littafin na cikin jakata. Buɗe shi kawai zan yi. Amma na dubi mutanen nan da ke jiran bakinsa, na ga yadda Baba Illa ya dafa kafaɗarsa, sai wani abu ya ce mini: ai na faɗa, ba a ce ban faɗa ba. In shi ne mai ƙungiya, ya nemi takarda da kansa.

Na ce, "To, ba zan iya cewa e kai tsaye ba."

"To zai buga," in ji Agali, ya mayar da tsinkensa kan yashi.

Ranar Asabar, kafin a take balo, sakataren abokan karawarmu ya rubuta ƙorafi a takardar wasa a kan Habibu. Haka ƙa'ida take, ana rubuta ƙorafi kafin wasa, ɓangarorin biyu su sa hannu, hukumar gasa ta duba daga baya. Agali na tsaye a bayana. Ya ce tsoro ne kawai suke so su ba mu. Ko a lokacin ana iya cire Habibu. Na sa hannu ban ce komai ba.

Muka ci ɗaya da nema, kuma Habibu ne ya ci. Ban taɓa ganin Akokan haka ba tun da aka rufe rami. Masu babura suka cika titi da oda, mata na guɗa ta kan katanga, aka ɗaga Agali sama rawaninsa na warwarewa. Baba Illa na kuka kamar ba shi ke lanƙwasa ƙarfe ba. Ni ina tsaye da jakata, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙarƙashin tsoron da nake ji akwai wani ɗan daɗi mai ɗaci. Ni kaɗai na san abin da suke ɗauke da shi ba zai tsaya ba.

Bayan kwana goma takardar hukuma ta iso. An ƙwace nasarar. Mun faɗi.

Da safe, ban gama buɗe biro ba suka cika ƙofa. Biron, wato ofishin ƙungiya, ɗaki ɗaya ne da taga guda. Wani ya buga ƙyauren da dutse. Ana kiran wayar Alhaji tana kashe.

"Ku hito muna da wanda ya kashe mu!" Baba Illa ke nan. "Shekara nawa muna bin ƙungiyar ga! Rami ya tahi, ita kaɗai ta rage muna, ita ma kun binne ta da biro da takarda!"

Ina ciki, ban fito ba. Sai na ji muryar Agali ta taga.

"Baba, ni ne. Sakatare ya gaya mini maganar kati gaban idonku, ku ma kun ji. Ni ne ban saurara ba. Wanda zai jefa dutse ya jefa nan."

Wani ya zage shi, wani ya ce a bar shi. Baba Illa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ko namiji ne, ka amsa laihinka," ya juya ya tafi. Kafin azahar sun watse. Ko kun san abin da na ji a lokacin? Kunya, e. Amma har da wancan tsohon ciwon. Laifina ne, na kaina, shi ma ya ɗauke ya yi ado da shi, sun ƙara son sa.

Ya shigo ya zauna a kujerar baƙi, ya sha ruwa. Na ɗauko littafin na buɗe masa shafin, ko da yake na san karatu na ba shi wahala. Na ce na sani tun daga Agadas.

"Na gane," ya ce. "Ranar Asabar na gane, amma bayan wasa ya ƙare. Kai ko takardar sayen ruwa kake sa hannu, hannunka yana rawa. Ranar nan mutumin ya rubuta ƙorafi, ka sa hannu, bai yi rawa ba. Ina sama suna ɗauke da ni abin ya dawo mini."

Na tambaye shi don me ya rufa mini asiri.

"Ni za su zage ni kwana uku su bari. Kai in sun ji, ba ka sake shiga kasuwa. Kuma ni ban iya wannan ba." Ya nuna littafin da haɓa. "Me na yi maka, Laminu?"

Bai yi mini komai ba. Na rufe littafin, shi kuwa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "In za ka zauna, ka zauna. Amma in na tambaye ka, e ko a'a."

Na zauna. Muna rukunin ƙasa har yanzu, muna ƙoƙari. Habibu bai jira ba, ya bi mota zuwa wurin zinariya. Bencinan magoya baya sun ragu. Baba Illa bai sake taka filin ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki wani ba.

Abin da wannan ya koya mini game da aikinmu ba shi da yawa. Magoya baya suna iya haƙuri da rashin mota, da rigar da ta koɗe, har da shan kashi. Abin da ke tunzura su shi ne su tsaya a ƙofar biro su tambaya, a ba su amsar da ba a iya kamawa. Taka-tsantsan abu ne mai kyau ga sakatare, ni ma ban bar shi ba. Amma in ka san abu ka ce wataƙila, ƙarya ka yi, kuma irin wadda ba a iya kama ka da ita, shi ya sa ta fi muni. Kishin kuwa, ba zan ce ya tafi duka ba. Har yau in aka miƙa wa Agali kofin farko ina jin ɗan motsinsa. Na dai san shi yanzu, ba na barin sa kusa da takarda.

Bayan wasu watanni na je shagon Baba Illa. Yana walda a kan wata ƙofa. Na jira ya kashe injin, na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube ni.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

"Ashe ka iya," ya ce. "Waccan ran Alhamis munka so wagga amsa."

Ya sauke gilashin ya kunna injin.