Tarin Baƙar Ƙasar Baba Manu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Manu mai katafila ya rasu.

Yau da safe labarin ya iske ni, kuma wallahi inda ya iske ni ɗin ne ya hana ni sukuni har yanzu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ke tuƙa katafila a ramin tsakuwar da muke ɗauka kan hanyar Argungu. Ni direban tifa ne, shi ke yi min lodi tun ina sabon shiga. Bai taɓa sako min tsakuwa daga sama ta fasa min bodi ba, a hankali yake sauke ta. In motarka ta kafe cikin laka, kafin ka buɗe baki ya juyo ya turo ka. Furarsa kuwa ta kowa ce.

Faɗansa ɗaya, a kan ruwa da ƙasa.

Ruwan da ake wanke tsakuwa da shi, bai yarda ya gangara fadamar masu shinkafa ba. Shi ya tona ɗan rami inda laka ke kwantawa, a sake jan ruwan da inji.

Sai maganar ƙasa. Filayen nan gonakin mutane ne, haya anka karɓa. Kafin ya taɓa tsakuwa sai ya kankare baƙar ƙasar sama ya tara ta gefe guda. In an gama da rami ya zuba tarkacen duwatsu, ya bi da jar ƙasa, sannan ya shimfiɗa baƙar a kai. Gona ta koma gona.

Mu kuwa ba'a muke yi masa, muna kiransa Sarkin Noma. Sai ya yi dariya ya ce, "Tsakuwa anka saida muna, ba a saida muna gona ba."

Ramin ƙarshe da ya tona gonar Inna Hajo ce, wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Da gonar nan take ci da jikokinta. Tsakuwa ta ƙare, saura cikewa kafin damina, sai ciwo ya kwantar da shi.

Na je dubiyarsa asibiti nan Birnin Kebbi. Ya rame ƙwarai, magana ma da ƙyar. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, tarin baƙar ƙasar gonar Hajo na nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba." Kuma a ranar, gaskiya na faɗa.

Ya ce, "To ku bar shi. In na tashi, aikin kwana kaɗan ne."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Masu sababbin gidaje na neman baƙar ƙasa don shuka fulawa, kowa ya sani. Da kwanciyar Baba ta yi tsawo, mai kula da ramin ya ce a loda tarin a saida musu. Mota ɗaya ta fara, wata ta bi, sai ga layi. Babu wanda ya hana. Ina kallo ina kau da kai, yau kuma na shiga layin. Ba wanda ya tilasta ni.

An gama yi min lodi ke nan waya ta yi ƙara. Ɗan Baba Manu ne. Ya ce, "Baba ya cika."

Kaico! Ina zaune kan sitiyari, ƙasar da ya bar mana amana tana bayana. Kunya ta rufe ni, na kasa ko duban yaran da sunka loda. Na koma da baya na juye ta inda anka ɗebo ta, wasu ma sunka juye tasu. Amma wadda ta tafi ta tafi, tana can cikin gidajen mutane. Abin da ya rage ko rabin gonar ba zai rufe ba, kuma jar ƙasa ko gero ba ta fitarwa.

Bayan mun kai shi makwanci munka zauna karɓar gaisuwa a gidansa na unguwar Badariya. Sai ga Inna Hajo, tun daga ƙauyensu. Ta sa anka kira mata direbobi bakin zaure, munka durƙusa.

Ta ce, "Ku ne abokan aikin Manu? Allah shi yi muku albarka, ɗiyana. Ya ce mini kar in damu, ko ba shi nan ku mutanen kirki ne, za ku maida mini gonata."

Duk girmanmu babu wanda ya iya ɗaga kai. Ni na yi ƙarfin halin cewa, "Insha Allahu, Inna," kuma ban san daga ina za mu samo ƙasar ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Manu, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma ka yafe mana.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a. Ku haɗa da Inna Hajo, don ta ce gobe za ta je ta duba gonarta.