Ranar da Ruwan Uwa Ya Huce

In dai a Limancin Kona aka haife ka wajajen alif ɗari tara da tamanin, to daina cika baki, mahaifiyarka ta sha ruwan zafi a hannun Uwa mai wankan jego. Kai, mace ce! Ta tafasa tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa wa mai jego, tana ihu Uwa tana dariya: "Raguwa! Da kika iya haihuwa ba ki yi kuka ba sai yanzu?" Daga nan sai kunun kanwa cike da ƙwarya, sai gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Duk fargabarta ɗaya ce, kada sanyi ya shiga jikin ɗanyar mace.

Allah sarki, wancan zamani. Gida ya cika da ƙamshin yaji, mata na ta shewa a tsakar gida.

Sai autarta Maijidda ta zo wankan gida da ɗan fari. Naka sai naka: Uwa ta ninka kanwa, ta ƙara itace. Bayan suna ƙafafun yarinya suka kumbura, numfashi ya gagara sai a zaune. Uwa ta ce sanyi ne, ta sake hura wuta.

"Inna, ƙirjina," in ji Maijidda. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Mijinta Malam Jibril, akawu ne, mai kunyar surukai. Ranar ya ajiye kunya, ya sa ta a tasi sai asibiti, Uwa na biye da mayafi a karkace.

Likita bai yi wa Uwa faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona ta. Ya ce, "Mama, zuciya tsoka ce. Kanwa na tara ruwa a jiki, zafi na sa ta gudu. In kaya ya yi mata yawa sai ta buɗe, ta saki kamar robar tsohon siket, ta kasa tura jini. Wata takan koma daidai, wata ba ta komawa."

Uwa ta zauna daɓas a ƙasa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa sani ba.

Maijidda ta rayu, alhamdu lillahi, amma aka hana ta sake ɗaukar ciki. Sauran arba'in ɗin da mafici Uwa ta ƙarasa mata shi.

Bayan haka in an kira ta sai ta ce ruwan ɗumi, kunu ba kanwa. Mata kuwa, ka san bakinsu: wai tsufa ya zo, ruwan Uwa ya huce. Suka koma wajen wata a Ƙofar Doka.

Amma har Uwa ta koma ga Mahaliccinta, in ta ji guɗar haihuwa a maƙwabta sai ta zabura ta gyara ɗaurin zane, ta kai bakin ƙofa. Sannan ta tuna, ta dawo ta zauna.