Garayar da Kakana Ya Ba da Ajiya

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na raka kakana Samaru karɓo ajiyarsa ba. Yanzu ni ma na fara furfura, amma har yau in na bi ta hanyar nan sai ranar ta dawo min sabuwa.

Kakana maharbi ne ɗan maharbi, daga wani ƙauye a bayan Zariya. Lokacin da mutanen ƙauyen suka karɓi bishara, aka ce kowa ya fito da kayan gargajiyarsa a ƙona a ƙofar majami'a. Ya fito da layu da guraye, ko a jikinsa. Amma garayar mahaifinsa, wadda ake kaɗa wa maharba in za su shiga daji, ita kam ya kasa. Ana cikin haka sai ga wasu malaman jami'a daga Samaru suna bin ƙauyuka suna tara tsofaffin kaya. Suka ce masa suna da gidan ajiye kayan tarihi. Shi kuwa kalma ɗaya ya ji, ajiya. A wurinsa ajiya amana ce, ka ba mutum ya riƙe maka, ranar da ka so ka je ka karɓi abinka. Ya miƙa musu garayar yana ta godiya.

Da tsufa ya kama shi har idanunsa suka tafi, mahaifiyata ta ɗauko shi ya dawo wurinmu a Sabon Gari. Ɗinki nake yi a baranda, tabarmarsa tana gefen kekena. Amarya yake kirana, ni kuma in ce Allah ya tsare ni da ango marar haƙori. Wata safiya, bai daɗe da tashi daga jinya ba, ya ce, "Amarya, ɗauko min rigata ta zuwa coci. Ki raka ni in karɓo ajiyata. Ina so in ji ta a hannuna kafin in tafi."

"Ka tafi ina? Wa za ka bar wa ni?"

Bai yi dariya ba. Nan na ture ɗinkin na tashi.

Muka hau bas a tashar PZ. Duk hanya yana ba wanda ke kusa da shi labarin garayar, kamar mai zuwa tarbar ɗan'uwa. Da muka shiga gidan ajiye kayan tarihin, ɗakin farko zane-zane ne a jikin bango, manya-manya. Ina riƙe da hannunsa ina faɗa masa: ga mata a kasuwa, ga wani kuma na rasa kansa na rasa ƙafarsa. Ya ce, "Ke mai ido ma kin rasa, balle ni." A ɗakin ciki ne aka jera tukwane, da kwari da baka, da ƙorai masu zane. Can a kusurwa na hango garayar a cikin akwatin gilashi.

Wata matashiya ce ke kula da wurin. Kaka ya gaishe ta gaisuwar mutanen ƙauye, har da tambayar mutan gida, sannan ya ce, "'Yata, na zo karɓar ajiyata. Kun riƙe amana, Allah ya saka da alheri."

Da farko ta ɗauka wasa yake. Da ta gane, sai ta rage murya ta ce, "Baba, abin da ya shigo nan ya zama na kowa da kowa. Ba a fita da shi."

Ni da ma ba ni da wuyar hawa. "Na kowa? Uban kowa ne ya sassaƙa ta?" Na ɗaga murya har ɗaliban da ke zaune suna zane suka waiwayo. Yarinyar nan ba ta yi min komai ba, amma ita na gani a gabana.

"Amarya, ya isa," in ji Kaka. Sannan ya juya inda ya ji muryar yarinyar. "To ba sai na tafi da ita ba. A ɗora min a cinya kawai."

"Wallahi Baba da mabuɗin yana hannuna da na buɗe maka. Yana wurin shugabanmu, ya yi tafiya. Ku dawo mako mai zuwa."

Ya ce in kai shi gaban garayar. Ya ɗora tafukansa a kan gilashin yana shafawa, yana neman inda zai samu kafa. Me makaho zai yi da gilashi? An rubuta kada a taɓa, amma yarinyar ta kau da kai.

"Duba min, akwai ƙuna a wuyanta?"

"Akwai, Kaka. Baƙi, kamar faɗin babban yatsa."

"Ita ce. Ni na bar ta kusa da murhu ina yaro. Ranar na sha duka."

Ya yi 'yar dariya, sai ya jingina goshinsa da gilashin. Yatsunsa suka fara motsi a kai kamar yana kaɗa tsirkiya, yana wani amo a maƙogwaro, a hankali, mai daɗi da ban tausayi. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin sa a bakinsa ba. Hawaye na bin furfurar gemunsa, ni kuwa na toshe bakina da gyale na yi ta kuka.

Da muka dawo muka sauka daga bas, sai ya ce, "Mako mai zuwa ai ba nisa." Ciwon ya dawo masa kafin makon ya zagayo, kuma bai tashi ba.

Bayan an binne shi na koma Samaru, da niyyar in faɗa wa yarinyar nan ta ji abin da na ji. Tana ganina ta taso da murna, mabuɗi a hannu. "Ina Baba? Na samo izini, kullum ina duba hanya." Da na faɗa mata, sai ta zauna a ƙasa ta kama kai. Daga baya ta tashi ta buɗe akwatin, ta ɗora min garayar a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na juya ta nan, na juya ta can, ban ma san yadda ake riƙe ta ba. Ta ce, "Anti, ko za ki iya maimaita abin da ya rera? Mu ɗauka mu ajiye tare da ita." Na yi ta ƙoƙarin tunawa, na kasa. Na tambayi mahaifiyata, na tambayi kawunnaina, babu wanda ya sani.

Abin da na koya ke nan. Ana iya adana itace da fata a bayan gilashi su daɗe, amma abin da ke hannun tsoho da bakinsa ba shi da ma'ajiya sai wanda ya zauna ya koya. In kana da tsoho a gida, tambaye shi yau. Garayar tana nan a Samaru lafiya lau, kowa na iya zuwa ya gan ta, amma babu sauran wanda ya san abin da take faɗa.