Itatuwan da Malam Ya Dasa wa Fasinjojin Jirgi

Da damanar bana maigidana ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Sunansa ba zai fito bakina ba, amma 'yan kasuwar albasa Ɗan Ƙaura suke ce masa, domin tun yana saurayi yake kai kaya Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya, a loda wa jirgi zuwa kudu.

Malam yana da wata ɗabi'a da ta sa duk unguwarmu ta Ƙofar Dundaye ke masa dariya. Duk ranar da anka ce a rediyo za a kawo jirgin ƙasa Sakkwato, sai ya tafi gonarsa ta bakin hanyar Gusau ya dasa dogonyaro. Na ce, "Malam, wa ya ce maka nan za a yi tashar?" Ya ce, "Ke dai Luba, ko ina anka yi ta, mai jira yana son inuwa." Alƙawari bai ƙare ba, shi ma bai bar dashe ba, har gonar ta koma kurmi.

Jirgin Ƙaura ya zo ya daina abin kirki, Malam ya koma bin manyan motoci. A tafiyarsa ta ƙarshe ruwa ya cinye wata gada, sunka kwana sunka wuni a daji, albasa ta ruɓe a gabansa. Ya dawo da zazzaɓin da bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu kuma ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai in ji masu manyan riguna a rediyo suna cewa za a yi jirgi marar hayaƙi, da dogon da ambaliya ba ta iya ɗauka, saboda yanayi ya canza. Mu za a gaya wa yanayi ya canza? Mu da zafin bazara ke hana jikokinmu barci, mu da ruwan wata guda ke sauko mana a yini ɗaya? Da Malam na raye, na san da dariya zai yi, ya ɗauki fartanya. Ni kam ba dariya nake ba. Ku da ba ku kawo mana mai hayaƙin ba, da wane baki kuke yi mana tallar marar hayaƙi? In da gaske kuke, ku zo ku ga gonarsa: ambaliyar bara ta yashe ta maƙwabta har ta zama kwazazzabo, tasa kuwa saiwoyi sun riƙe ƙasa.

Abin da ya sa na sa jikata ta rubuta mini wannan shi ne autana Nasiru. Direban babbar mota ne, yana son a sare itatuwan ya yi wurin ajiye motoci. "Inna," in ji shi, "jirgin ga ba shi zuwa. Baba ya jira, mi ya samu?" Ban ga laifinsa ba. Laifin na waɗanda sunka mai da haƙurin ubansa abin dariya ne.

Malam bai bar mota ba, bai bar bene ba. Inuwar nan ita ce abin da ya bari, kuma masu tallar fura da makiyaya suna shan ta kullum ba su san sunansa ba.

Nasiru ya ce masu gatari za su zo ranar Asabar. Ni da ko biki sai an ja ni, na riga na naɗe tabarmata. Su zo su tarar da ni a gindin na farin da Malam ya dasa, in ga wanda zai ce mini in matsa.