Macen Sauro a Zauren Surukai

Ko na tsufa har ina manta inda na ajiye hulata, ranar da na raka aminina gaisuwar surukai a garin Gidan Rumji ba za ta fita raina ba.

Ni dai Allah ya yi ni da son tarkacen sani. Abin da na ji a rediyo, da wanda na tsinta a takardar da aka ƙunso mini ƙosai, duk sai na adana, kuma dole in zazzage wa mutane. A fadarmu ta shayi a Agiye, da na ce "Kun san cewa..." sai kowa ya tuna an aike shi. Abin yana yi mini ciwo, wallahi, har na soma koyon kame baki kamar mai ciwon haƙori.

Aminin nan ya daɗe yana son wata yarinya, ga shi an ce mahaifinta dattijo ne mai wuyar sha'ani, ya sallami manema ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tun a mota yake roƙona: "Don girman Allah, yau ka rufa mini asiri. Mu gaida shi, mu sunkuyar da kai, mu fito. In ka buɗe bakin nan naka, na rasa ta." Na yi masa alkawari.

Muka tuɓe takalma, muka durƙusa a zaure. Damina ce. Bayan gaishe-gaishe, sai dattijon ya sosa ƙafa ya ce sauron bana ya hana shi barci. Jama'a, na cije leɓe, na danne, amma maganar ta taso mini kamar atishawa.

"Baba, kun san cewa macen sauro kaɗai ke cizo? Namijin ruwan fure yake sha."

Innalillahi! A gidan da muka zo neman mace! Aminina ya mintsine ni har cikin ƙashi. Dattijon ya zuba mini ido ya ce, "Mi ka ce, yaro?" Na maimaita. Sai ya gyara zama.

"To kai ka san idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma?"

Ashe ciwonmu ɗaya! Ashe maneman da ya kora, laifinsu kawai duk abin da ya faɗa sai su ce "Haka ne, Baba." Muka tsunduma, daga zuma da ba ta lalacewa muka faɗa wuyan raƙumin dawa. Shi kuwa mai neman aure, al'ada ta hana shi ɗaga kai balle ya nemi tafiya. Yana nan durƙushe har aka kira la'asar, ƙafafunsa suka mutu, sai da na kama shi ya miƙe.

A bakin ƙofa dattijon ya ce masa, "Na ba ka ɗiyata. Amma duk zuwan da za ka yi, ka taho mini da wanga yaro."

Yau 'ya'yansu na lakol, wato makarantar boko. Mutumin da ya roƙe ni in yi shiru, shi ke zuwa har gida yana lallashina in raka shi, don in babu ni, shi kaɗai zai sha labarin jimina.

Tun ranar na daina jin kunyar halina. Kowace ƙwarya da abokin burminta, kuma da na kame bakin nan, da ban samu nawa ba, da aminina ma har yanzu tuzuru ne.