Cokalin da Giwa ta Ci

Ni ba masunci ba ne, kuma ban gaji su ba. Manomi ne ɗan manomi. Fatsa a cin rani na koye ta, can bakin babban kogi wajen Yawuri, a hannun wani Banufe da muka zauna ɗaki ɗaya. Shi ya nuna mini cewa babban kifin nan giwan ruwa bai damu da tana ko dusa ba, farauta yake yi. Sai a sami cokalin ƙarfe a yanke masa mariƙi, a huda shi gaba da baya, a ɗaura ƙugiya a gindi, zaren roba a ka, a goge da toka har ya yi ƙyalli. In ka jefa kana jawowa a hankali, cokalin yana juyi yana walƙiya kamar ƙaramin kifi mai ciwo, sai babban ya kawo bara. Na dawo gida da wannan ilmi na ajiye, don a ƙauyenmu ba wanda zai saurari irin wannan magana.

Sai shekarar farin nan ta zo. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, gyaɗa kuwa ko iri ba mu mayar ba. Kogin da ke bayan garinmu, arewa da Ɗambatta, ya koma rairayi tun kafin kaka, ban da gurbi ɗaya mai zurfi a gindin wasu duwatsu. A cikin wannan hali matata ta haifi 'yarmu ta fari. Nono ya ƙi zuwa sosai, ina kuwa zai zo ga mai jegon da ke cin rama da garin rogo? Jaririyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ungozoma ta ce mini ba magani uwar take nema ba, romo take nema. Akuyarmu tuni ta tafi kasuwa, kaji kuma sun bi ta.

Wata safiya na tsaya a kan duwatsun, na ga ƙananan karfasa sun watse a saman ruwa gaba ɗaya, wani abu ya juya a ƙarƙashinsu. Na san wannan juyin, na giwan ruwa ne. Amma gurbin yana hannun sarkin ruwa, kuma al'adarmu ba mai taɓa shi sai ranar su, ranar da gari duka zai shiga da koma da gora. Ni ba ɓarawo ba ne, don haka na je neman izini.

Kafin nan sai da na ɗauki cokalin matata. Shi kaɗai ne na ƙarfe a gidan, yana cikin kayan ɗakinta, kuma da shi take ɗiga wa jaririyar ruwan koko in kuka ya yi yawa. Na gaya mata abin da zan yi da shi. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce to ba. Maƙeri ya yanke ya huda yana kallona kamar wanda rana ta taɓa wa kai.

Na sami sarkin ruwa a zaurensa da dattawa. Na durƙusa na yi bayani, na nuna cokalin. Aka yi ta dariya har da masu share hawaye, kuma wallahi tun shigowar farin ban ga an yi dariya irin wannan a garin ba. Wani ya tambaya ko zan haɗa wa kifin da kwano da miya. Sarkin ruwa ya juya cokalin a tafinsa, ya tabbatar babu ƙoto a jiki, ya miƙo mini.

"Je ka, yaro," ya ce. "In kifi ya ci cokali, naka ne. Ga shaidu."

Na yi kwanaki ina jifa ina jawowa. Masu wucewa suka sa mini suna Mai Cokali, mata masu ɗibar ruwa suna tambayata ko tuwon ya nuna. Zaren ya yanka mini yatsu. Kullum in koma gida hannu sake, in tarar da jaririyar ta ƙara yin sauƙi a hannu, uwarta tana ba ta koko da ɗan yatsa.

Ran da kifin ya ci, hantsi bai gama ɗagawa ba. Na ji zaren ya tsaya cak, na zaci dutse na kama, sai dutsen ya fara tafiya. Na naɗe zaren a sanda, in ya ja in sake masa, in ya huta in jawo. Ya taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai, ya koma. Da ya gaji na shiga ruwa har ƙugu na rungumo shi. Da na ɗaga shi tsaye, ya kai mini ƙirji. Ina ta alhamdu lillahi, ina lissafin romon yau da na gobe, da wanda za a yi banda da shi a ajiye.

Ban kai ga saɓa shi a kafaɗa ba gari ya cika bakin gurbin. Sarkin ruwa ya iso a hankali da sandarsa, ya kewaya kifin, ya tambayi jama'a sunan wannan abu. Suka ce giwan ruwa.

"To, kun ji," ya ce. "Ni kifi na ce. Wannan giwa ce. Tun kaka da kakanni, in maharbi ya ka da giwa, ta mai ƙasa ce."

Na ce, "Baba, ka san halin da gidana yake ciki."

Ya ce duk gari halin ɗaya ne. Na dubi shaidun nan ɗaya bayan ɗaya. Mai maganar kwano da miya yana kallon ƙafarsa. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, ba kuma wanda ya buɗe baki, don kowa yana sa ran tsoka in an yi rabo a gidan dagaci, mai ƙasar. Aka ɗora kifin a kan jaki. Wani dattijo ya sa hannu a bakinsa ya ɓanɓare ƙugiyar, ya miƙo mini kayana, har yana cewa shi ba ya cin haƙƙin mutum.

Ban ce romon zai raya 'yata ba, rai na Allah ne. Ta rasu kafin uwarta ta gama wanka. Amma mutanen nan ban yafe musu ba, yawancinsu sun mutu kuma har yau ban ji zuciyata ta sauko ba. Da ƙarfi suka ƙwace da na haƙura, ai mai ƙarfi sai Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne da Hausa suka ƙwace, kuma aka tashi ana yaba hikimar tsohon.

A ranar dai na shiga gida wandona yana ɗigar ruwa, jikina yana ƙarnin kifi. Labari ya riga ni isa. Matata tana zaune a bakin ƙofa da jaririyar a cinya, tukunyar da ta ɗora tun da ta ji ya ci tana ta tafasa da ruwa zalla. Na ajiye mata cokalin a gabanta. Ta ɗauka ta duba hujin gaba, ta duba na baya.

"Malam," ta ce, "da ka bar masa mariƙinsa, da yanzu na ba ta koko da shi."